Shaida Ta Biyu a Kan Kaset Na Sha Bakwai

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, ina tsugune a bayan wani firji a shagona, babbar 'yarki ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye filayar da ke hannuna, na zauna a kan benci. Kin rasu a ɗakinki bayan jinyar wata biyar, kina da shekara sittin da ɗaya.

Na fara da ranar da watan da lokacin ne, Yaya, domin na san halinki. Da na rubuta "kwanakin baya" kawai, na tabbata ba za ki yafe mini ba.

Shekara talatin da ɗaya kika yi a ɗakin kati na asibiti, kina jera takardun marasa lafiya a kan kanta. Mu a gida ba mu ɗauki aikin a bakin komai ba, har tsokanarki muke yi da sunan Rajista. Ke kuwa kullum maganarki ɗaya ce: mutum biyu sukan zo da suna iri ɗaya, idan aka ɗauko wa wannan katin wancan, likita zai rubuta magani daidai amma ga wanda ba nasa ba. Da kika yi ritaya mun zaci za ki huta. Ashe ɗakin katin ne kawai ya biyo ki gida.

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Babanmu. Da aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga kaset arba'in da uku a ɗaure da roba, da ambulan-ambulan na hotuna. A zamanin da yake aiki nesa da gida, mutanen gida kan zauna gaban rikoda su ɗauki gaisuwa da labarai a aika masa, shi kuma ashe bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Ni na ce a raba wa kowa biyu-biyu na tarihi. Kika yi mini kallon da ya sa na tuna ni ne auta, kika kwashe su duka kika tafi da su.

Ƙaramin ɗakin nan da ke kusa da falo shi kika mayar ma'ajiyar dangi. Tebur ɗaya, kwamfuta, tsohuwar rikoda da kika sa na gyara mata bel har sau uku, sikana ta ɗaukar hotuna, da baƙaƙen akwatunan ajiya da ake jona wa kwamfuta, kowanne da lambarsa a jikin farar takarda. Kin mayar da kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, sannan kika bi gidajen dangi kina karɓo tsofaffin faifan bidiyo da hotunan waya. Kowane fayil sai kin raɗa masa suna a kan tsari guda: shekara, wata, rana, sannan wanda ke ciki. A gurbin ƙarin bayani kuma ki rubuta wanda ya gaya miki, da ranar da ya gaya miki. Wata rana kika leƙa kwamfutar shagona kika ga fayilolina: "sabo", "sabo na gaske", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshen ƙarshe". Kika cire tabarau kika yi ta dariya har da hawaye, kika ce da a asibiti nake da tuni na gama da rabin gari.

Ba zan manta da labulen falo ba. Ɗan baffanmu ya yi shekara shida yana ɗaukar hotunan dangi da kyamarar da bai taɓa saita mata kwanan wata ba, saboda haka duk hotunansa, sama da dubu, suka fito da rana ɗaya, wai ɗaya ga watan Janairu. Wani zai haƙura. Ke sai kika zauna da maigidanki kuka tuno shekarun da aka canja labulen falonku: koren ya yi daga kaza zuwa kaza, mai furanni ya biyo baya, sannan ruwan ƙasa. Da labule, da fentin bango, da giɓin haƙoran 'ya'yanki kika mayar da kusan kowane hoto shekararsa. Har yau idan aka yi musun shekarar wani abu a danginmu, sai ka ji an ce a tambayi labule.

Kwafi uku kike ajiyewa: biyu a gidanki, ɗaya a gidana. Duk Asabar ɗin farkon wata, da safe, sai ki zo da akwatin ajiya a cikin jakarki, ki zauna a falona ki sabunta nawa, ki sha ruwa, ki yi wa matata ƙorafin cewa na bar shi kusa da taga. Na sha gunaguni a kan wannan zirga-zirga. Na daina ne ranar da aka sace wayar maƙwabciyarki, wata bakwai bayan rasuwar mijinta. Ta shigo gidanki tana kuka, ba don wayar ba, don duk hotunan mijin da saƙonnin muryarsa suna ciki. Kika zaunar da ita, kika buɗe kwamfuta, sai ga su nan. Ashe tun tana takaba kika roƙe ta aron wayar na awa ɗaya, ita har ta manta. Ta riƙe hannunki, ke kuma kika tambaye ta ko hoton da yake tsaye gaban mota kafin ya yi rashin lafiyar farko ne ko bayanta, don gurbin kwanan watansa babu komai. Haka kike, Yaya. Tausayinki a cikin aiki yake fitowa.

Goge abu kuwa ba ya cikin tsarinki. Da auren 'yar gwaggonmu ya mutu, ta zo a fusace ta ce ki share duk hoton da tsohon mijinta ya fito a ciki. Kika ce to. Kika kwashe su kika zuba a wata folda ta daban, ba ki sake tayar da zancen ba. Bayan shekara takwas ita da kanta ta dawo tana kame-kame, wai ɗanta zai yi aure kuma yana son hoton iyayensa tare. Ba ki ce mata "ai na faɗa" ba. Kin tambaye ta guda nawa take so.

Amma akwai abu ɗaya da ya shiga tsakanina da ke shekara da shekaru, kuma shi nake so in rubuta, don 'ya'yanmu su san irin matar da aka rasa.

Innarmu ta rasu ina da wata goma sha ɗaya a duniya, ke kina da shekara tara. Hotonta uku muke da su. Muryarta kuwa ban taɓa ji ba, kuma tun ina ƙarami babu abin da nake so a duniya kamar in ji ta. A kaset na sha bakwai, gefe na biyu, akwai wata mace tana rera wa jariri waƙar rarrashi, minti uku da 'yan kai. Ranar da kika fara kunna mini, ban jira ta ƙare ba. Na ce Inna ce, jaririn kuma ni ne. Kika ce wataƙila. Kika tuna mini cewa a lokacin ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana zaune a gidanmu, kuma kowa ya shaida muryarsu iri ɗaya ce. Ita ma ta riga mu gidan gaskiya, Baba ma haka, babu wanda za a tambaya. Sai kika jefa fayil ɗin cikin foldar da kika sa wa suna "Ba a Tabbatar Ba", a gurbin mai murya kika rubuta: Inna ko Inna Ƙarama.

Ƙa'idarki ita ce fayil ba ya fita daga wannan folda sai da shaidu biyu waɗanda ba su ji amsar juna ba. Kuma ba a tambayar tsoho "wannan wance ce?", domin zai ce e don ya faranta maka. Sai dai a kunna masa a yi shiru. Ni kuwa na ga wannan taurin kai ne kawai. Na karɓi kwafi, na yanke waƙar ita kaɗai, na zubar da hayaniyar da ke gabanta da bayanta, na sa a wayata da sunan "Inna". Da ita nake aiki a shago, da ita na yi jinyar ƙafata lokacin da na karye.

Har laifi na yi miki a kan wannan. Wata rana kina kicin na lallaɓa ɗakin ajiya, na goge "ko Inna Ƙarama", na mayar da fayil ɗin foldar Inna, na fito ina fito kamar ban yi komai ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ni ko kwana biyu ban samu ba. Ban san kwamfuta tana rubuta ranar da aka taɓa fayil da lokacin ba. Kika kira ni kika karanta mini: Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma, daidai lokacin da na ce zan shiga in duba soket. Ba ki ɗaga murya ba. Kin ce idan na sa ƙarya ɗaya a ciki saboda ina so, jikokinmu ba za su san wanne ne gaskiya a cikin sauran dubban ba. Na yi fushi na sati uku. Asabar ɗin farkon wata na zagayowa sai ga ki da jakarki, kamar ba a yi ba.

Abin da ban sani ba shi ne duk tsawon lokacin nan kina neman shaida. A bayan wani hoto kika ga rubutun hannu na wata maƙwabciyarmu ta da, telar mata, wadda ake kira Mai Keke, aminiyar Inna. Kowa ya ɗauka ta daɗe da rasuwa. Kika bi ta kan 'yar wanda ya sayi gidansu, daga nan zuwa wani jikanta, har kika gano tana raye a wurin ɗanta, tafiyar awa biyar a mota. Shekara uku ke nan da muka je. Ni na tuƙa. Tun daga ƙofar gida har muka isa kina ja mini kunne cewa idan na buɗe baki na ambaci sunan kowa, a mota za ki bar ni.

Mun same ta a zaune a kan tabarma a inuwar baranda, ta haura tasa'in, idanu sun tafi, kunne ɗaya ne ke aiki. Bayan gaisuwa da tambayar bayan rabuwa, kika kara mata ƙaramar lasifika a kunnen, kika kunna. Ba a yi rabin minti ba ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai ƙanwar ce. Yayar ba ta waƙa, ko ita kaɗai ce a ɗaki."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekara tara ina kiran waƙar nan uwata. Na ji kunya, na ji haushi, kuma haushin naki ne, don ke kika kawo ni. Na miƙe zan fita. Kika kama bakin rigata ba tare da kin dube ni ba, kika bar sautin yana tafiya, domin ke ba kya yanke kaset, gefe guda kike ɗauka daga farko har ƙarshe, da shirunsa da hayaniyarsa. Waƙar ta ƙare. Aka ji motsin kwanuka. Sai wata murya daga nesa da rikodar, da ɗan kaushi, ta ce, "Ke, rufe ƙofar nan, iska na dukan yaron nan." Sannan ƙarar ƙofa, sannan kuka.

Mai Keke ta ɗaga hannu. Ta ce, "Tsaya. Ga ta nan. Ga mai faɗan nan." Ta sa aka maimaita mata sau huɗu, tana dariya tana share ido, tana ba mu labarin yadda Inna ba ta ƙaunar a bar ƙofa a buɗe ko da ana zafi.

Sakan huɗu ne duka-duka. Kuma suna cikin hayaniyar da na yanke na zubar da hannuna. Da nawa kwafin ne kaɗai a duniya, da na mutu ban ji uwata ba. Na koma na zauna a gefen tabarmar, ni da furfurata, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Baba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a cikin 'yan kalmomin nan, ni take karewa.

A hanyar dawowa na ce to yanzu sai a mayar da fayil gidansa. Kika ce shaida ɗaya ce. Na taka birki na tsaya a gefen titi, na ce Yaya, ke fa? Shekararki tara lokacin, ke ba shaida ba ce? Sai kika ce, "Auta, na manta muryarta. Tun ban kai sha biyar ba ta ɓace mini. Ina tuna hannunta, ina tuna zanenta, amma muryar babu. Kunya ce ta hana ni gaya maka." Sai a ranar na gane cewa abin da nake kira taurin kai, rashi ne irin nawa, har ma ya fi nawa, domin ni ban taɓa samu ba, ke kuwa kin samu ya kuɓuce miki. Na tayar da mota. Daga ranar ban sake matsa miki ba. Na karɓi cikakken kwafi, na gamsu da shaidar Mai Keke, wadda ita ma Allah ya karɓi abarsa bayan wata biyar. Fayil ɗin ya ci gaba da zama a "Ba a Tabbatar Ba", da layi ɗaya a ƙarƙashinsa.

Da ciwo ya kwantar da ke, kika sa aka dawo da kwamfutar kusa da gadonki. Kin koya wa babbar 'yarki tsarin suna, kin sa ta rubuta kalmomin sirri a littafi, kin nuna mata yadda ake gwada kwafi a tabbatar yana buɗewa. Ba ki yi wannan da baƙin ciki ba. Kin yi shi kamar mai shirin tafiya da ke bi ɗaki-ɗaki tana duba tagogi.

Sati biyu kafin rasuwarki, ranar Laraba da la'asar, kika aika a kira ni. Na same ki a jingine da filo, abin sauraro a kunnenki, fuskarki a sake. Kika ce in zauna in ji, amma ba maganar Inna ba, kukan da ya biyo baya. Na ce ai nawa ne, na sha ji. Kika ce in sake saurara da kunnen mai gyara, ba da kunnen auta ba. Na saurara. Gaskiyarki ce. Ba kukan jariri ba ne, kukan yarinya ne mai wayo, har da jan numfashi irin na wadda ke son ta yi magana. Sai kika ɗago hannunki na hagu kika nuna mini ɗan yatsanki, mai farcen nan da ya tsage biyu bai taɓa haɗewa ba. Duk mun san ƙofa ce ta datse shi kina ƙarama. Babu wanda ya taɓa tambayar wace ƙofa, wace rana.

Kika ce, "Ni ce 'ke' ɗin. Na shigo da gudu na bar ƙofa, ta yi mini tsawa, na juya na banko ta a kan yatsana. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zo ta sa yatsan a bakinta. Muryar ba ta dawo mini ba, kada in yi maka ƙarya. Amma ranar ta dawo, duk da ita."

Sai kika ce in jawo kwamfutar in rubuta, hannunki ba ya iyawa. Na buɗe gurbin ƙarin bayani, kina faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya: shaida ta biyu, babbar 'yar Inna, wadda aka yi wa faɗan. Kika sa na saka kwanan wata, kika sa na gyara wani harafi da na tsallake. Kika raba bayanin gida biyu yadda ya kamata, waƙa ta Inna Ƙarama, magana daga minti na uku da sakan ashirin ta Inna. Sannan kika ce, "To, kai ta gida." Na ja fayil ɗin na saka shi a foldar Inna, kusa da hotunanta uku. Shekara goma sha biyu ina jiran wannan, kuma da hannuna kika sa na yi shi, wannan karon da izini. Muka kunna sau ɗaya muka saurara tare. Kika yi dariya kika ce ashe duk gadon da ta bar miki a kaset faɗa ne.

Yaya, ina kewarki, kuma zan daɗe ina yi. Amma ba na rubuta wannan da ƙuncin zuciya. Kin yi aikinki kin gama, kin miƙa shi hannun da zai riƙe, kuma kin ba ni abin da na fi nema a rayuwata ba tare da kin haɗa shi da ƙarya ko ƙwaya ɗaya ba. Na gode. Na yafe miki duk abin da ke tsakaninmu, ko da yake idan aka bi diddigi ni ne mai neman yafiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana haƙuri da ke da mu baki ɗaya. Ina yi wa 'ya'yanki huɗu da jikokinki, musamman babbarsu da nauyin ɗakin nan ya koma kanta. Ina yi wa abokan aikinki na ɗakin kati da suka cika gidan ranar jana'iza, da maƙwabta, da dukkan dangi na kusa da na nesa. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ta tsare amanar mutane, ba ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba, ka ba ta littafinta a hannun dama. Ka jiƙan Babanmu, da Inna Ƙarama da ta rarrashe ni, da Mai Keke da ta yi mana shaida. Ka sada Yaya da Innarmu a Aljanna, ta zauna kusa da ita ta ji muryar nan da ta manta, ba ta sakan huɗu ba, har sai ta ƙoshi. Amin.